Daga Sumuni zuwa Allon Aji: Koyar da Ninka Cikakkiyar Lamba da Kaso a Makarantun Firamaren Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Ninka cikakkiyar lamba da kaso, wato lissafi irin 6 × 2/3, yana daga cikin wuraren da jikin ɗaliban firamare ke fara yin sanyi da darasin lissafi. Wannan takarda ta dubi matsalar daga ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato. Hujjarta ita ce alamar ninkawa a irin wannan lissafi tana ɗauke da aiki biyu mabambanta: maimaita kaso sau da yawa, da kuma fitar da kaso daga wani adadi. Yaron wannan yanki ya riga ya san duka biyun daga makarantar allo da gona da kasuwa. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya sa amsarsu take zama ɗaya, kuma nan ne aikin malami yake. Takardar ta kawo yadda za a jera darasin, ta kuma nuna inda misalan gida suke gazawa.

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa rubuta 6 × 2/3 a allo, ya ce wa 'yan aji biyar su amsa, ya san irin abin da ke dawo masa a littattafai. Wasu za su rubuta 12/18, sun ninka lambar sama da ta ƙasa gaba ɗaya. Wasu 6 2/3, sun jingina shidan da kason kurum. Wasu 2/18. Waɗanda suka riƙe doka za su rubuta 12/3, amma ba kowa a cikinsu zai lura cewa huɗu cif ya rubuta ba. Da malami ya ce amsar huɗu ce, sai a sami wani mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu: "Malam, ƙaƙa munka ninka shidda tak koma huɗu?"

Yaron nan bai yi tambayar banza ba. Tun aji biyu duk ninkawar da ya yi ƙaruwa take kawowa, yau kuma an ce ya ninka, abu ya ragu. Mai rubuta 12/18 shi ma yana da hujja: makonni kaɗan da suka wuce, a darasin kasonni masu daidai da juna, an ce masa duk abin da ya yi wa sama ya yi wa ƙasa. Ya bi umarni. Abin da ya samu shi ne 2/3 ɗin da ya fara da shi cikin wata riga.

Maganin da aka saba bayarwa doka ce: a sa ɗaya a ƙarƙashin cikakkiyar lamba, a ninka sama da sama, ƙasa da ƙasa, a rage. Dokar daidai ce, kuma dole yaro ya kai gare ta. Amma a fara da ita, wannan ɗora wa yaro kaya ne ba gammo. Zai ɗauka zuwa ranar jarrabawa, ya sauke, ya manta. A garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a watan Satumba 1999, kuma alƙawarin shirin bai tsaya ga shigar da yaro aji ba, har da fitar da shi yana iya karatu da lissafi. Wannan ƙaramin darasi yana cikin wuraren da ake gane ko an cika alƙawarin.

2.0 Abin da Aka Riga Aka Gano

Tambayar yaron nan ta daɗe a hannun masu bincike. Fischbein da abokan aikinsa (1985), a nazarinsu kan ɗaliban Italiya, sun nuna cewa yara na riƙe da wani ɓoyayyen hoto na ninkawa a matsayin tara abu ɗaya sau da yawa, don haka idan abin da ake ninkawa da shi bai kai ɗaya ba sai su kauce wa ninkawa su zaɓi wani aikin, ko da labarin tambayar iri ɗaya ne. Tun kafin su, Kieren (1976) ya ja hankali cewa kaso ba ma'ana ɗaya gare shi ba. Yakan zama yanki daga cikin abu guda, yakan zama awo, yakan zama sakamakon rabo, yakan kuma zama aikin da ake yi wa wani adadi a ƙanƙanta shi ko a faɗaɗa shi. Littattafan firamare sun fi tsayawa ga ma'anar farko, ta da'irar da aka yayyanka aka shafa wa wasu yankuna launi, alhali ninkawa tana buƙatar ma'anar awo da ta aiki. Siegler da abokansa (2012) kuwa sun bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka ga cewa sanin kaso da rabawa a firamare yana nuna yadda yaro zai yi a aljabara shekara biyar ko shida gaba, ko bayan an cire tasirin arzikin iyaye da ilminsu.

Akwai wani reshen binciken da ya fi kusa da mu. Gay da Cole (1967) sun tarar cewa manoman Kpelle na Laberiya, waɗanda makaranta ke wa kallon ba su iya lissafi ba, sun fi Amurkawa masu ilimin boko iya ƙiyasta yawan kofunan shinkafar da ke cikin kwano. Carraher, Carraher da Schliemann (1985) sun gwada yara masu talla a birnin Recife na Burazil: a wurin ciniki sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyi daidai, da aka rubuta musu lissafin nan tsurarsa a takarda sai suka faɗo kusan kashi 37. Yara biyar ne kacal, don haka ba a gina gini mai nauyi a kan alƙaluman, amma duk wanda ya taɓa karɓar canji daga hannun yarinya mai tallar fura ya san abin da ake faɗa.

3.0 Yaron da Muke Magana a Kai

Garuruwan nan uku kowanne yana tuna mana ɗaya daga cikin abubuwan da ke cika yinin yaro. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa wajajen 1830, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake, kuma karatun allo da na zaure ya kafu a ƙasar tun daga lokacin. Rabah ce mahaifar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin ya zama hakimin Rabah. Goronyo kuwa tana da madatsar ruwan da aka kammala a kan gulbin Rima a 1984, wadda ita da fadamun Wurno suka sa noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa ya zama sana'ar gidaje masu yawa. Yaro ɗaya ne ke wanke allonsa da asuba, ya tafi boko da hantsi, da la'asar ya kai wa mahaifinsa man inji a fadama, ranar kasuwa kuma ya tsaya kusa da ma'auna a Achida ko Gandi. A wurare uku cikin huɗun nan yana jin rabi da rubu'i da sulusi da sumuni ana aiki da su. A na huɗun ne kawai, wato aji, ake gabatar masa da su kamar baƙi.

4.0 Aiki Biyu a Ƙarƙashin Alama Ɗaya

4.1 Maimaita kaso

Aikin farko shi ne mai sauƙi, domin bai saɓa wa abin da yaro ya sani ba: kaso ɗaya ne ake maimaitawa. Mafi kyawun misalinsa yana rataye a bangon ɗakin yaron. Alƙur'anin da ake karantawa a makarantunmu na allo izu 60 ne, kowane izu an kasa shi sumuni takwas. Yaron da ya yi nisa ya san sumuni biyu rubu'in izu ne, huɗu rabi ne, takwas izu ya cika. Ba wanda ya zana masa da'ira.

Sai malami ya tambaya: almajiri yana rubuta sumuni ɗaya kullum, bayan kwana 24 izu nawa ya rubuta? Yara za su ƙirga takwas-takwas su ce uku. A lokacin ne, ba kafin nan ba, malami zai rubuta 24 × 1/8 = 24/8 = 3, ya ce musu wannan shi ne abin da suka faɗa yanzu da baki. Daga nan ya ƙara nauyi: gardi yana tilawar sumuni uku a kowane zama, zama 16 izu nawa ke nan? Sumuni 48, izu shida. Ya rubuta 16 × 3/8 = 48/8 = 6.

A lura da abin da ya faru. Ba yaron da zai ce sumuni uku sau 16 ya mayar da sumunin wani abu dabam. Sumuni yana nan sumuni, yawansa ne ya ƙaru. Wato lambar ƙasa tana faɗin girman yanki ne, ta sama tana ƙirga yankuna, kuma ninkawa da cikakkiyar lamba ƙirgar take taɓawa. Kuskuren 12/18 ya mutu a nan ba tare da an haddace masa wata doka ba. Ana iya maimaita wannan da kwatar awa, da rabin lita na man inji, da kwata uku na kwanon shinkafa da gida ke dafawa kullum: kwana takwas, kwata 24, kwano shida.

4.2 Fitar da kaso daga adadi

Aiki na biyu shi ne inda ƙurar take. "Sulusi biyu na shida" ba maimaitawa ba ce. Ba wanda ke iya yin abu sau biyu bisa uku. Abin da ake yi shi ne a kasa adadin kashi uku daidai, a ɗauki biyu. Rabawa ce ke fara zuwa, ninkawa ta biyo baya.

Nan ma allon bai bar mu ba: sulusin Alƙur'ani izu 20 ne, rubu'insa izu 15, wanda ya haddace sulusi biyu yana da izu 40. Amma misalin da ya fi zama a ƙasar noma shi ne zakka. Manomin da ya yi girbin gero na damina yana jera dammansa, cikin kowane goma ya ware ɗaya. Wanda ya shayar da shinkafarsa da inji ko jigo, rabin ushuri ne a kansa, ɗaya cikin 20, muddin amfanin ya kai nisabi, wato wusuƙi biyar ko sa'i 300. Buhu 60 na damina, zakkarsa buhu shida. Buhu 60 na ban-ruwan inji, buhu uku. Yara sun ga ana wannan a masussuka, kuma ba wanda ya taɓa mamakin cewa zakka ba ta kai yawan amfanin gona ba. Idan malami ya rubuta 1/20 × 60 = 3 bayan sun amsa, tambayar "ƙaƙa ta ragu" ta sami amsa daga bakinsu. Ga masu kaifin kai akwai mas'alar gonar da ruwan sama ya shayar da rabin lokacinta, inji ya shayar da rabi: malamai sun ce kashi uku cikin huɗu na ushuri, wato 3/40. Buhu 80, a kasa 40, kowane kashi buhu biyu, a ɗauki uku, buhu shida.

Sai rabon gado, wanda shi ne babban gidan wannan lissafi a ilminmu na zaure. Kasonnin da ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka yanka shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi, kuma duk ɗalibin da ya kai babin gado a Risala ta Ibn Abi Zaid ya yi aiki da su. Mutum ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa shaƙiƙi, bayan an biya bashi da wasiyya aka sami awaki 24. Matar tana da sumuni, awaki uku. 'Ya'yan suna da sulusi biyu: 24 a kasa uku, takwas-takwas, a ɗauki biyu, 16. Saura biyar na ɗan'uwa ne. Masu rabon gado ba sa ninka 24 da biyu su sami 48 sannan su raba. Suna fara neman asalin mas'ala, lambar da duk kasonnin za su shiga cikinta ba guntu, su raba, sannan su ninka. Hanyarsu ta fi ta littafin makaranta sauƙi a kai, domin lambobin ba sa kumbura.

Ya kamata malami ya san cewa ba aro muke yi daga wani waje ba. Littafin aljabara na al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820, kusan rabinsa mas'alolin wasiyya ne da gado. Ɗan layin nan da ke raba lambar sama da ta ƙasa, a rubutun al-Hassar na Maroko, a ƙarni na 12, aka fara ganinsa. Wannan bayani yana da amfani a taron iyaye da malamai, inda har yanzu akan sami mai ganin lissafin aji wani abu ne da ba ya haɗa hanya da karatun da ya sani.

5.0 Inda Ayyukan Biyu Suke Haɗuwa

Zuwa nan yaro yana da labari biyu, kuma yana da haƙƙin ya tambaya me ya sa ake rubuta su da alama ɗaya. A ce masa ninkawa ba ta damu da wace lamba ta fara zuwa ba, wannan bai isa ba. Ya ga hakan a 3 × 4 da 4 × 3, bai gan shi a kaso ba. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi cancantar a kashe masa mako guda, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

A fita da yara tsakar makaranta. Da tsinken kara a zana fangali shida a ƙasa, girmansu ɗaya, a jere. A ce manomi na farko ya yanke shawarar dasa albasa a sulusi biyu na gonarsa. Yara za su kasa fangalin biyu-biyu, kashi uku, su zuba tsakuwa a kashi biyu: fangali huɗu. A zana wasu shidan a gefe. Manomi na biyu ya tsaga kowane fangali gida uku, ya dasa albasa a gida biyu, ya bar na uku don tafarnuwa. Kafin kowa ya ƙirga, malami ya tambaya: wa ya fi yawan albasa? Ajin zai rabu, kuma a bar su su yi gardama. Sannan a ƙirga: gida biyu sau shida, gida 12. Gida uku ke cika fangali, don haka fangali huɗu. A sa wani yaro ya kwashe tsakuwar fangali biyu na ƙarshe, gida huɗu, ya cike gurabe huɗun da ke fangali huɗu na farko. Gonar na biyu ta koma irin ta na farko sak. Abin da aka nuna shi ne fitar da sulusi biyu daga gona duka ɗaya ne da fitar da sulusi biyu daga kowane fangali. Na farko shi ne 2/3 × 6, na biyu 6 × 2/3.

Amfanin wannan yana bayyana ne idan rabo ya ƙi. Kwata uku na kwano goma nawa ne? Goma ba ta kasuwa huɗu ba guntu, hanyar masu gado ta cije. Yaron da ya yi darasin fangali yana da wata ƙofa: ya ɗebi kwata uku daga kowane kwano, kwata 30, huɗu-huɗu ke cika kwano, kwano bakwai da rabi. Ya rubuta 30/4 da hannunsa, ya san daga inda 30 ta fito. Dokar "ninka sama, raba da ƙasa" ta iso yanzu, kuma ta iso ne a matsayin hanyar da ba ta cijewa, wadda ake komawa gare ta idan gajeriyar ta toshe. Ya dace a bar yaro da duka biyun, a riƙa tambayarsa wace zai bi kafin ya fara: 5/8 × 40 raba tukuna, 2/3 × 10 ninka tukuna.

Kayan aikin duk na tsinta ne: kara, tsakuwa, marafan kwalba, ƙwallon dabino, gwangwanin madara, igiya. A ajin da yara suka yi yawa, tsakar makaranta ta fi allo faɗi.

6.0 Inda Misalan Gida Suke Gazawa

Ba na son a ajiye wannan takarda da zaton cewa da an shigo da kwano aji an gama. Kwanon awo bakinsa ya fi gindinsa faɗi, saboda haka hatsin da ya kai tsakiyar tsayinsa bai kai rabi ba. Ma'auni yana cika shi har ya yi tozo, sannan ya ƙara gyara, kuma kwanon wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Ciniki yana tafiya da wannan sassauci lafiya lau, lissafi ba ya tafiya da shi. Idan za a yi awo a aji, a ɗauki gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a shafe bakinsa da kara, a ce huɗunsa ne kwano, a faɗa wa yara sarai cewa yarjejeniyar aji ce.

Na biyu, kasonnin gida 'yan kaɗan ne. Ba wanda ke sayen kashi uku cikin bakwai na wani abu, kuma ba magajin da rabonsa na asali yake biyar bisa tara. Yaron da aka tsayar a rabi da rubu'i da sumuni zai ga 3/7 × 21 ya daskare. Dole a ƙarshen kowane mako a fitar da shi daga labari zuwa lambobi tsura. Haka kuma duk misalan zakka da gado raguwa suke kawowa, sai a yi hattara kada a cire masa "ninkawa ƙaruwa ce" a dasa masa "kaso raguwa ne". A ba shi 8 × 3/4, da 8 × 4/4, da 8 × 5/4 a jere, ya ga shida da takwas da goma, ya gane cewa abin dubawa shi ne ko kason ya kai ɗaya ko bai kai ba.

Na uku ya fi nauyi. Yankin nan ya sha hare-haren 'yan bindiga, harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ɗaya ne daga ciki, kuma a azuzuwa akwai marayun da rabon gado ba misali ba ne a wurinsu. Malamin da ya san ajinsa shi zai yanke ko ya kawo wannan misali ko ya tsaya ga zakka da izu, waɗanda sun wadatar. Idan ya kawo, ya sa a bakin "wani mutum a wani gari", ya kuma tuna lissafi yake koyarwa, fatawa da rabon gado na malamai ne da alƙalai. Gudun hijira ya kuma sa wasu yara sun rasa zango ɗaya ko biyu, sun iso aji biyar jadawalin sau bai zauna musu ba. Irin waɗannan, kasa tsakuwa 24 kashi uku da hannu shi ne darasin rabawar da ya wuce su, kuma ba sai an ware su gefe an kunyata su ba.

7.0 Harshe, Malami da Jarrabawa

Kafin 2022, manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da harshen muhalli daga aji ɗaya zuwa uku, a koma Ingilishi daga aji huɗu. Aji huɗu zuwa shida kuwa nan ne aikin kaso yake yin tsanani, wato a waccan manufa yaro yana sauya harshe ne daidai lokacin da lambobi suke sauya masa hali. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da harshen uwa har aji shida, a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye wannan. Gwajin Ife na shekarun 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da lissafi da Yarabanci shekara shida, bai nuna yara sun yi asara ba, kuma littattafan "Mu Karanta!" da aka yi aiki da su a Sakkwato da Bauchi sun nuna ana iya tsara kayan aji na Hausa masu inganci. Ko ina manufa ta karkata, jarrabawa za ta zo da Ingilishi, kuma malamin ƙauye zai ci gaba da bayani da Hausa kamar yadda yake yi. Shawarata ita ce a daina yin hakan a ɓoye: a yi labari da gardama da Hausa, a rubuta alama, sannan a ba yaro lafazin Ingilishi na abin da ya riga ya gane.

Duk wannan yana rataye ne a wuyan malami. Liping Ma (1999) ta ba malaman Amurka 23 lissafin 1¾ ÷ ½, ta ce su ƙirƙiro labarin da zai dace da shi. Ɗaya ne kawai ya kawo labarin da ma'anarsa ta yi daidai. Gwaji irin wannan ba ya cin kuɗi. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Hukumar SUBEB a bitocin da take shirya wa malamai, da masu duba makarantu na ƙananan hukumomin uku, suna iya ba kowane malamin lissafi 6 × 2/3, a ce ya kawo labari biyu, ɗaya na maimaitawa ɗaya na fitarwa, ya kuma nuna da zane me ya sa amsarsu ɗaya ce. Wanda ya kawo ɗaya kawai, an san inda bita za ta fara.

Jarrabawar aji ita ma a sauya mata fasali kaɗan. Tambayoyi goma masu kama da juna suna auna hadda ne kawai. A rage su, a sa wadda ba a yarda a yi lissafi a cikinta ba: tsakanin 12 × 5/6 da 12 × 7/6 wanne ya wuce 12, kuma don me? A sa wadda yaro ne zai rubuta labarin 20 × 3/4. A sa kuma wadda amsarta ba ta fita cif: manomi a fadamar Wurno ya sami buhu 50 na shinkafar da ya shayar da inji, a ɗauka kowane buhu kwano 40 ne, me zai fitar? Wanda ya rubuta 50/20 ya tsaya, a ba shi rabin maki. Cikakken maki na wanda ya ce buhu biyu da kwano 20 ne.